Yadda Ake Auna Nisan Tafiyar Jirgin Sama Daga Maradi Zuwa Guangzhou, Da Sanin Awoyin Da Za Ta Ci

Masu karatu da dama, musamman matasan ƴan kasuwa da suka fara shirin zuwa sarin kaya ƙasar Sin da ƙafarsu maimakon su riƙa ba da saƙo ta hannun iyayen gidansu, sun yi ta maimaita tambaya guda: kilomita nawa ne daga nan zuwa Guangzhou, kuma awa nawa mutum zai yi a hanya? Wanda ya tambayi intanet zai ga kimanin kilomita 11,500 daga Yamai. Adadin daidai ne, sai dai babu jirgin fasinja da ke tashi daga Yamai ya sauka Guangzhou ba tare da an sauya jirgi a wata ƙasa ba, kuma mutumin Maradi ba daga Yamai tafiyarsa take farawa ba, daga ƙofar gidansa take farawa. Saboda haka lissafin da zai yi maka amfani shi ne wanda ka yi da kanka, zango bayan zango, kafin ka miƙa wa mai sayar da tikiti kuɗinka.

Abubuwan da za ka tanada ba su da yawa: waya mai intanet, takarda da biro, sai kalkuletar da ke cikin wayar. Matakan da ke ƙasa suna aiki ga kowace doguwar tafiya, ko Jidda ce, ko Dubai, ko Paris, amma da Guangzhou za a yi misali daga farko har ƙarshe.

1. Zaɓi filin da za ka tashi

Maradi tana da filin jirgi, amma ba daga nan manyan jiragen da ke tsallaka nahiyoyi suke tashi ba. Ƙofofi biyu ne a gabanka. Ta farko ita ce filin jirgin Diori Hamani da ke Yamai, mai nisan kimanin kilomita 660 a mota, ta Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogondutsi da Doso. Ta biyu ita ce filin jirgin Malam Aminu Kano, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, wadda hanyarta ba ta kai kilomita 300 ba.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ƙasar Sin tana gabas da mu, Yamai kuwa tana yamma. Wanda ya tafi Yamai ya koma baya ne da fiye da kilomita 500 a miƙe, waɗanda jirgi zai sake cinye su bayan ya tashi. Wannan ne ya sa miƙaƙƙen nisa daga Kano zuwa Guangzhou bai wuce kimanin kilomita 10,900 ba, alhali daga Yamai ya kai 11,500.

Gargaɗi: kada kusancin Kano kaɗai ya yanke maka shawara. Ofishin jakadancin Sin yana Yamai, wato neman biza ma na iya kai ka can tun kafin ranar tafiya. Sannan tsallaka iyaka domin shiga jirgi ba irin zuwa cin kasuwar Jibiya ba ne: dole a buga maka hatimin fita a fasfonka a ɓangaren Nijar da hatimin shiga a ɓangaren Najeriya, domin jami'an shige da fice na filin jirgin Kano za su duba ta inda ka shigo ƙasar. Ka kuma tambayi direbobin da ke bin hanyar halin da iyaka da titin suke ciki a makon da za ka tafi, ba labarin watan jiya ba.

2. Rubuta haruffa ukun kowane filin jirgi

Kowane filin jirgi yana da alama ta haruffa uku, kuma da ita ake aiki a tikiti, da takardar da ake liƙa wa jaka, da shafukan auna nisa. Waɗanda za ka buƙata su ne NIM na Yamai, KAN na Kano, ADD na Adis Ababa, IST na Istanbul, CAI na Alƙahira, da CAN na filin jirgin Baiyun da ke Guangzhou.

Gargaɗi: KAN da CAN harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a baki kusan ba a jin bambancinsu. Duk lokacin da ka ba da jakarka a awo, ka karanta abin da aka liƙa mata da idonka. Haka kuma wasu biranen suna da filin jirgi fiye da ɗaya. A Istanbul akwai IST akwai SAW, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota. Idan tikitinka ya nuna ka sauka a ɗaya za ka tashi a ɗayan, to sai ka shiga gari, shiga gari kuwa yana buƙatar bizar Turkiyya.

3. Auna miƙaƙƙen layi

Hanya mafi sauƙi ita ce shafin Great Circle Mapper. Ka rubuta NIM-CAN a akwatin bincike, zai zana maka layi a kan taswira ya kuma ba ka nisan. Idan ka fi sabawa da Google Maps, ka danna yatsa ka riƙe a kan filin jirgin Yamai har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, wanda a wayar da aka saita da Faransanci yake fitowa da sunan *Mesurer la distance*, sannan ka ja taswirar har alamar ta hau kan Guangzhou.

Gargaɗi: ka duba ma'aunin da aka ba ka adadin da shi kafin ka rubuta. Shafuka da yawa da mil suke ƙirga, wasu kuma da mil na teku, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mil na teku kuwa kilomita 1.852. Nisan nan guda ɗaya zai iya fito maka 11,500, ko kusan 7,100, ko kusan 6,200, kuma duk gaskiya ne. Yawancin gardamar da ake yi a majalisa kan nisan wata ƙasa daga nan take tasowa, kowa da ma'aunin da ya gani.

Za ka ga layin bai tafi gabas sak ba, ya lanƙwasa ya yi arewa. Yana ratsa arewacin Chadi da kudancin Libiya, ya bi ta kan Masar da arewacin Saudiyya, ya shiga Iran da Pakistan da arewacin Indiya, kafin ya gangaro kudancin Sin. Ba kuskuren na'ura ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka gajeriyar hanya takan fito a karkace a kan takarda. Wanda yake so ya gani da idonsa, ya sami ƙwallon taswirar duniya irin wanda ake ajiyewa a makarantu, ya ɗora bakin zare a kan Yamai, ya ja ɗaya bakin zuwa Guangzhou har zaren ya yi tsauri. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Ka riƙe wannan a ranka, domin zai yi maka amfani a mataki na 5.

4. In kana son tabbatarwa da hannunka

Wannan matakin ba dole ba ne, wanda yake sauri ya tsallake shi. Amfaninsa shi ne, ranar da babu intanet, ko shafuka biyu suka ba ka adadi daban-daban, kana da abin da za ka raba gardama da shi.

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu, digirinsa na arewa da digirinsa na gabas. Filin jirgin Yamai yana kan 13.5 arewa da 2.2 gabas, na Guangzhou yana kan 23.4 arewa da 113.3 gabas. Ka buɗe kalkuletar wayarka, ka kwantar da wayar a gicciye domin maɓallan sin da cos su fito, sannan ka bi wannan tsari.

Da farko ka cire ƙaramin digirin gabas daga babba: 113.3 a cire 2.2, saura 111.1. Sai ka ninka sin 13.5 da sin 23.4, za ka sami 0.093. Bayan haka ka ninka abu uku, cos 13.5 da cos 23.4 da cos 111.1, za ka sami −0.321. Ka haɗa amsoshin biyu, su ba ka −0.228. Ka danna maɓallin cos⁻¹ a kan wannan adadin, zai ba ka digiri 103.2. Tun da kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kimanin kilomita 111.2 ne, sai ka ninka 103.2 da 111.2, ka sami kusan kilomita 11,480.

Gargaɗi: ka tabbata kalkuletar tana kan Deg, ba Rad ba, in ba haka ba duk lissafin zai lalace tun daga layin farko. Kuma idan birnin da kake aunawa yana yammacin duniya, kamar Dakar ko New York, ko yana kudu da tsakiyar duniya, kamar Johannesburg, sai ka sa alamar ragi a gaban digirin da abin ya shafa.

5. Raba tafiyar zango-zango

A nan ne ainihin aikin yake. Ka nemi mai sayar da tikiti, ko ka duba Google Flights, ka ga kamfanonin da ke da jirgi a ranakun da kake so da garin da kowanne yake sauya jirgi. Ethiopian Airlines ta Adis Ababa take bi, Turkish Airlines ta Istanbul, EgyptAir ta Alƙahira. Jadawalin kamfanoni yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka abin da wani ya hau bara ba hujja ba ne a bana. Kowace hanya ka samu, ka auna zangonta ɗaya bayan ɗaya ka tara.

Daga Yamai zuwa Adis Ababa kimanin kilomita 4,000 ne, daga Adis Ababa zuwa Guangzhou kimanin 8,000, jimilla ta ɗan haura 12,000. Daga Yamai zuwa Istanbul shi ma kimanin 4,000 ne, daga Istanbul zuwa Guangzhou kimanin 7,900, jimilla kusan 11,900. Wanda ya tashi daga Kano ta Adis Ababa zai yi kimanin 3,300 a zangon farko, jimilla tsakanin 11,300 da 11,400, ta Alƙahira kuwa kimanin 3,100 da 8,000, jimilla 11,100.

Ka dubi adadin Istanbul da kyau. Duk wanda ya kalli taswirar bango zai rantse cewa zuwa Turkiyya kafin Sin zagaye ne, tun da an hau can arewa har bakin Turai sannan a gangaro. A lissafi kuwa ba ta fi ta Habasha tsawo ba, ta ma ɗan fi ta gajarta, saboda gajeriyar hanyar da kanta arewa take karkata, kamar yadda zaren ya nuna. Na sha jin ana hana matafiyi wani tikiti da hujjar cewa hanyar ta yi zagaye, alhali ido ne kawai ya auna. Bambancin kilomita ɗari ko ɗari biyu a tafiyar da ta kai dubu goma sha biyu bai kai a tsaya a kansa ba. Abin da ya kamata ya raba maka hanyoyin nan shi ne tsawon zaman jira, da kilon kaya, da kuɗi.

Ga wanda ya taɓa sauke farali, akwai ma'auni mai sauƙin riƙewa: daga Yamai zuwa Jidda ma kimanin kilomita 4,000 ne. Wato zangon farko kaɗai ya kai tafiyar Jidda, zango na biyu kuma ninkinta biyu ne.

Gargaɗi: adadin da ka tara shi ne mafi ƙanƙanta, jirgi yakan yi fiye da haka. Jirage suna bin hanyoyin da aka shata musu a sama, suna kauce wa hadari, suna kauce wa tsaunukan Tibet, suna kuma kauce wa sararin ƙasashen da ake yaƙi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage da yawa da ke tsakanin Afirka ta Yamma da gabas suna zagaye sararin samaniyarta. Idan kana son ganin hanyar da jirginka yake bi a zahiri, ka sa lambarsa a manhajar Flightradar24 ka duba tashinsa na kwanakin baya.

Gargaɗi na biyu: jirgi yana iya ɗaukar lamba ɗaya daga Yamai har zuwa inda za ka sauya, amma ya ya da zango a wani gari, kamar Wagadugu, ya sauke wasu ya ɗauki wasu kana zaune a ciki. Ka tambayi mai sayar da tikiti a fili: «Jirgin nan yana sauka wani wuri a hanya ko ba ya sauka?» Idan yana sauka, ka auna wannan zangon ma, ka ƙara aƙalla awa ɗaya.

6. Mayar da kilomita awoyi

Manyan jiragen fasinja suna gudun kimanin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Ka raba nisan kowane zango da 850, sannan ka ƙara rabin awa saboda tashi da sauka da tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa. Kilomita 4,000 za su ba ka awa biyar da ƴan mintoci, 8,000 kuma kusan awa goma. Wato zaman cikin jirgi kaɗai, ta Adis Ababa ko ta Istanbul, yana kai wa awa goma sha biyar.

7. Gyara bambancin agogo

Wannan shi ne matakin da ya fi rikita sababbin matafiya, kuma shi ya fi jawo asara. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da abin yake faruwa ne: lokacin tashi na garin da aka tashi, lokacin sauka na garin da aka sauka. Agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne. Habasha da Turkiyya da Saudiyya suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku, ƙasar Sin kuwa da awa bakwai, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take aiki da shi.

Ga misali, ba jadawalin wani kamfani ba ne, na koyon lissafi ne kawai. A ce tikiti ya nuna tashi daga Yamai ranar Litinin da 13:00, sauka Adis Ababa da 20:15. Ido zai ce awa bakwai da kwata ne, amma in ka cire awa biyun bambanci, awa biyar da kwata ne. A ce jirgi na biyu zai tashi da 00:30 ya sauka Guangzhou da 15:30. Ido zai ce awa goma sha biyar, amma tsakanin Habasha da Sin akwai awa biyar, don haka awa goma ne. Dabarar da ba ta ɓata ita ce ka mayar da kowane lokaci zuwa agogon Maradi ka rubuta a gefe: tashi 13:00, sauka 18:15, sake tashi 22:30, isa 08:30 na safiyar Talata. Daga ƙarfe ɗaya na ranar Litinin zuwa takwas da rabi na safiyar Talata, awa goma sha tara da rabi ke nan.

Gargaɗi: jirgin da aka rubuta masa 00:30 ranar Talata, a daren Litinin ake zuwa filin jirgi dominsa. Mu a al'ada dare na ranar da za ta waye muke ba shi, mu ce daren Talata, wani ya fahimci daren Litinin wayewar Talata, wani ya fahimci bayan isha'in ranar Talata. Kada ka dogara da sunan dare. Ka dubi kwanan wata, ka tuna cewa da ƙarfe goma sha biyun dare yake juyawa. Wanda ya zo bayan isha'in Talata ya tarar jirginsa ya tashi tun daren jiya. Alamar +1 da ake sawa kusa da lokacin sauka kuma tana nufin washegari za a isa.

Idan za ka sanar da wanda zai tarbe ka a Guangzhou, ka ba shi lokacin da ke kan tikiti yadda yake, tare da lambar jirgin. Idan iyali ne a gida, ka ba su na agogon Maradi, don kada Hajiya ta kwana tana jiran kiran da ba zai zo ba sai hantsi. Game da salla, tafiya gabas tana gajarta yini, lokuta suna riskar juna da sauri, saboda haka ya kyautu mutum ya tambayi malaminsa hukuncin kasaru da haɗa salloli tun yana gida. A Guangzhou kuma alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata arewa, saɓanin gabas da muka saba fuskanta.

8. Auna zaman jira

Ka cire lokacin sauka daga lokacin sake tashi, tun da duka biyun da agogon gari ɗaya aka rubuta su. A misalinmu, daga 20:15 zuwa 00:30 awa huɗu da kwata ne. A ganina wanda bai saba ba kada ya karɓi jiran da bai kai awa biyu ba, uku ma ya fi, domin filin jirgin Istanbul ƙato ne, tafiya daga wata ƙofa zuwa wata tana cin lokaci, ga sake binciken kaya, ga jinkirin da jirgin farko zai iya yi. Idan kuma jiran ya yi tsawo, awa takwas ko fiye, ka tambaya tun wajen saye ko kamfanin yana ba da masauki, da sharuɗɗan da ya gindaya, kuma a nuna maka a rubuce.

Gargaɗi: ka tabbata zangon biyu suna cikin tikiti ɗaya, da lambar rajista ɗaya. Wani lokaci ana haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban-daban don kuɗin ya sauko. Idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu babu ruwansa, tikitinka ya ƙone. Ƙari a kan haka, sai ka fita ka karɓi jakarka ka sake ba da ita, fitar kuwa tana iya buƙatar bizar ƙasar da ba ka da ita.

9. Ƙara tafiyar ƙasa

Yanzu ka koma ƙofar gidanka. Motar Maradi zuwa Yamai tana cin yini guda, kuma ba hikima ba ce mutum ya hau ta a ranar da jirginsa zai tashi, domin faci ɗaya ko tsaiko ɗaya a shingen bincike ya isa ya raba shi da tikitin da ya biya da kuɗi masu yawa. Ka isa Yamai kwana ɗaya kafin ranar. Ka ƙara awa uku da ake so fasinja ya iso filin jirgi kafin tashi, sannan awa ɗaya zuwa biyu a Guangzhou na layin shige da fice da jiran jaka, da kuma shiga gari, tun da filin Baiyun yana arewa da birnin da kimanin kilomita 30. Yawancin ƴan kasuwar Afirka unguwar Xiaobei da kewayenta suke nufa, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa har filin jirgin.

In ka tara duka bisa misalinmu, mutumin da ya bar Maradi da asubar Lahadi zai shiga masaukinsa a Guangzhou da yammacin Talata a agogon can. Awa goma sha biyar na cikin jirgi sun zama fiye da kwana biyu. Da wannan adadin za ka tsara alƙawari da mai masana'anta ko dillali, kuma kada ka sa alƙawarin a ranar da ka sauka, saboda jiki yana ɗaukar kwanaki kafin ya saba da bambancin awa bakwai: da tsakar daren can ido biyu za ka kasance, da hantsi kuma barci ya danne ka.

10. Kwatanta kuɗi

Kuɗin tikiti ba da kilomita ake yanka shi ba. Hanya mai tsawo tana iya fin gajeriya araha, kuma kujera ɗaya tana iya canza farashi tsakanin safe da yamma. Abin da ya fi motsa shi shi ne lokaci. Baje kolin Canton, wato babban baje kolin kayayyaki na Guangzhou, ana yin sa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma a lokacin tikiti da masauki duk suna tsada. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A makonnin nan masana'antu da shaguna da yawa a rufe suke, wanda ya je sari a lokacin zaman otal zai yi.

Ka ja layi a takardarka, kowace hanya da gurbinta, ka rubuta kuɗin tikiti, kuɗin mota zuwa Yamai ko Kano da dawowa, masauki da abinci na daren da za ka kwana, tasi zuwa filin jirgi, da abin da za ka ci a wurin jira, inda ruwan sha ma da kuɗin waje ake sayensa. Ka mayar da komai sefa kafin ka kwatanta. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne kuma ba ya motsi, amma dalar Amurka da naira sai ka tambayi farashin ranar a wurin ƴan canji. Sau da yawa rangwamen jika ashirin ko talatin da aka gani a tikiti yakan narke a kuɗin kwana da na mota.

Ga ɗan kasuwa, kilon kaya yana iya fin duk wannan muhimmanci. A hanyoyin Afirka zuwa Sin an fi ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, da ƙaramar jakar hannu mai kilo 7 ko 8, amma abin da aka rubuta a tikitinka shi ne hukunci, kuma tikiti mafi araha wani lokaci jaka ɗaya yake bayarwa. Ka tambayi kuɗin jaka ta uku tun kafin ka saya.

Gargaɗi: kilo 46 ba ya nufin ka cika jaka ɗaya da kilo 30 ɗayar da 16. Kowace jaka da iyakarta ake auna ta, wadda ta haura sai an biya mata. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba. Ka duba fasfonka ma, ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma katin rigakafin shawara yana tare da shi.

11. Yi wa dawowa nata lissafin

Kada ka ɗauka dawowa kwafin tafiya ce. Nisan bai canza ba, amma a can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgi in zai tafi Sin, tana tare shi in zai dawo, musamman a hanyar Istanbul da lokacin sanyi. Don haka zangon dawowa yakan fi na tafiya tsawo, wani lokaci da awa guda ko fiye. Agogo kuma yanzu baya yake komawa: jirgin da ya tashi Guangzhou da 00:30 ya yi awa goma sha ɗaya a sama zai sauka Adis Ababa da 06:30, sai ka ga kamar awa shida ne. A nan ƙara bambancin ake yi, ba cirewa ba.

Ka sake bin mataki na 7 da na 8 da lokutan dawowa, domin zaman jiran dawowa sau da yawa ya bambanta da na tafiya, kuma a nan ne ake ɓoye jira mai tsawo a tikiti mai araha. Sannan ka dubi lokacin da za ka sauka Yamai ka gwada shi da lokacin tashin motocin Maradi, waɗanda galibinsu da asuba suke barin tasha. Wanda ya sauka da rana ko da yamma, ga kaya, ga binciken duwan, sai ya sa kwanan Yamai da kuɗinsa a cikin lissafi, ya kuma sayi tikitin motar washegari tun a ranar da ya sauka.